Sirrin Motar Tsere da Ya Fasu a Manchok

Akwai wani matashi ɗan Manchok mai suna Jason Kambai. Mahaifinsa, Baba Kambai, tsohon hedimasta ne. Mahaifiyarsa, Mama Hulda, tana cikin shugabannin zumuntar mata a cocinsu.

Jason ya karanta injiniyanci, ya samu tallafin ƙaro karatu a Ingila. Da ya gama, sai wani kamfani da ke ƙera motocin tsere ya ɗauke shi aiki, irin motocin nan da ake gasar duniya da su.

Aikinsa a ƙasan mota yake: sifirin, shokozoba, da sandunan da ke riƙe taya. Mu a nan don ramukan hanya muka san shokozoba. Su kuwa a can, shi ke sa taya ta manne da kwalta idan mota ta sha kwana a guje. Taya ta ɗan ɗaga, an wuce ka ke nan.

Idan aka gama gasar shekara, kowane kamfani yakan rufe ƙofarsa ya hau ƙera sabuwar mota. Lokacin sirri ne. Ko matarka ba a yarda ka gaya mata abin da kuke haɗawa ba, domin abokan hamayya sun baza kunne.

Shugabar sashen su Jason wata 'yar Italiya ce mai suna Emilia. Ta yi shekaru tana fama da wata dabara ta jera sandunan gaba, yadda mota ba za ta duƙa da hanci ba idan direba ya taka birki. A wannan shekarar ne dabarar ta yi kyau. Aikin Jason shi ne ya ɗora motar a kan injin da ke jijjiga ta, ya auna yadda take yi. Ya iya aikin sosai, kuma Emilia ce da kanta ta zaɓo shi.

Wata rana ana gwaji, sai ya faki ido ya ɗauki bidiyo da wayarsa. Ya san an hana. Ya ce wa kansa ai shi kaɗai zai riƙa kallo.

A watan Disamba aka sa bikin ƙanwarsa Doreen. A irin wannan lokaci ba a ba kowa hutu, amma Emilia ta je wurin manya ta roƙa masa.

Ta ce, "Ƙanwa ɗaya gare ka. Je ka, ni zan riƙe maka aikinka."

Ranar biki, bayan an fito daga coci, Jason ya zauna a rumfa tare da tsofaffin abokansa na sakandare. Cikinsu akwai Henry, ɗan kwangila a Abuja. Shi ya kawo saniyar biki, kuma tun safe mai gabatarwa yake ta kiran sunansa a lasifika.

Henry ya dafa kafaɗar Jason ya ce, "Injiniya! Wai me kake yi a can ne takamaimai?"

"Ina sashen sifirin da shokozoba."

Henry ya fashe da dariya. "Shokozoba? Duk wannan karatu? Ai da ka zauna a Kafanchan, ga gareji nan cike a bakin tasha!"

Tebur ya ɗauki dariya. Har da Rosemary, wata malamar asibiti da Jason ya daɗe yana so, ta rufe baki tana dariya.

Jason ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya zaro waya ya ce, "To ku zo ku ga shokozobar."

Ya kunna bidiyon. Aka taru a kansa. Ya riƙa tsayar da hoton yana ƙara girmansa, yana nuna inda kowace sanda ta shiga da dalilin da ya sa aka karkata ta. Da ya ga idanu sun dawo kansa, sai bakinsa ya ƙara buɗewa.

"Duk duniya ba mai irin wannan. Ni na ƙirƙiro shi, ni kaɗai."

Rosemary ta ce, "Ba ka da oga ne?"

"Akwai wata tsohuwa. Ba abin da ta gane. Ni nake yin aikin, ita kuma ta karɓi yabo."

Ɗan kawunsa Asher yana tsaye yana ɗaukar komai da waya. Ya ce, "Broda, in saka a shafina? Dole duniya ta san ɗan Manchok."

Jason ya dubi abokansa. Sai ya ga Henry ya yi tsit yana kallonsa, daɗi ya kama shi.

"Saka mana. Wa yake jin Hausa a can?"

Jama'a, kafin sabuwar shekara bidiyon ya zaga ko'ina. Daga Kagoro har Madakiya ana ta turawa ana cewa, "Namu ne!" Wani mai kishin gida kuma ya zauna ya rubuta fassarar Turanci a ƙasan bidiyon, kalma bayan kalma, don duniya ta san abin da ɗanmu ya yi.

Jason ya koma Ingila bai san da fassarar ba. Ya kai wa Emilia zuma da citta da Mama Hulda ta aiko mata na godiya. Ta yi murna ƙwarai, ta ce ya gaida mamarsa.

Bayan 'yan kwanaki aka kira shi ɗakin taro. Yana shiga ya ga kansa a babban allo, sanye da ankon biki, yana nuna waya. Ga maganarsa tana fitowa da Turanci a ƙasa. Manyan kamfani suna zaune. Emilia tana gefe, ta haɗa hannuwanta a kan tebur.

Aka bar bidiyon ya yi ta tafiya har ya kai wurin "wata tsohuwa".

Emilia ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Jason, ni ba na jin harshenku. Abu ɗaya zan tambaye ka. Fassarar nan daidai ce?"

Ba mai jin Hausa a ɗakin sai shi. Yana iya cewa mai fassara ne ya yi kuskure. Ya buɗe baki, ya dube ta, ya kasa yi mata ƙarya.

"Daidai ce."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Na so a ce ba daidai ba ce."

Ta tashi ta fita.

A ranar aka sallame shi. Mai gadi ya raka shi ya kwashe kayansa. Sai da ya ratsa ta gaban abokan aikinsa, mutanen da suka yi Kirsimeti a wurin aiki ba tare da 'ya'yansu ba saboda wannan mota. Ba wanda ya zage shi. Ba kuma wanda ya ɗago ya dube shi.

Ya nemi aiki a wasu kamfanonin tsere, ba wanda ya amsa. Wa zai ɗauki mai fasa sirri? Dole ya tattara ya dawo Najeriya.

Bai iya zuwa Manchok ba. Ya ji labarin ƙungiyar ci gaban gari tana shirya masa liyafar karramawa, har an kafa hotonsa a bakin kasuwa. Sai ya sauka a gidan Doreen a Kafanchan, ya shige ɗaki, ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa.

Doreen ta yi haƙuri har ta gaji. Ganin yana ta ramewa, sai ta kira Baba.

Baba Kambai ya zo da safe a kan acaɓa. Ya zauna a bakin gado, ya jingine sandarsa, ya ce, "Faɗa mini duka. Kada ka rage."

Jason ya faɗa, kansa a ƙasa.

Baba ya ce, "Wannan mace da ka kira tsohuwa, ba ita ta ba ka izinin zuwa bikin ba?"

"Ita ce, Baba."

"Ita mamanka ta aika wa zuma?"

"Ita ce."

Tsohon ya cire tabarau ya goge idonsa. "Aiki ana rasawa, a samu wani. Ba shi ya dame ni ba. Ni na tsaya a gaban ikilisiya na yi godiya ga Ubangiji, na ce ɗana ya ƙirƙiro abin da Turawa suka kasa. Mamanka ta yi rawa. Ashe da gumin matar nan muke rawa."

Jason ya fashe da kuka. "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma a gaban mutane ka yi ƙaryar, a gaban mutane za ka gyara ta. Sa takalminka."

Ranar Lahadi a cocinsu na Manchok, bayan wa'azi, Fasto ya ce ɗan'uwa Jason yana da magana. Mata suka fara guɗa, suna tsammani shaida zai bayar. Ya karɓi makirfo.

Ya ce, "Iyayena, ku daina guɗa. Abin da kuka gani a bidiyo ba ni na ƙirƙiro ba. Na ogata ne, mace mai kirki da ta taimake ni. Na saci sirrin aikinta na nuna don a yaba mini, na kuma zage ta. An kore ni. Ina roƙo a cire hotona a kasuwa."

Mama Hulda ta ja gyalenta ta rufe fuska. Rosemary tana cikin mawaƙa, ta sunkuyar da kai.

A waje Henry ya tare shi, jikinsa a sanyaye. Ya ce, "Jason, Allah ya sani wasa nake yi ranar nan. Ni fa kullum da kai nake alfahari a Abuja. Wa ya kai ka a cikinmu?"

Wannan magana ta fi korar yi masa zafi. Ashe ba wanda ya raina shi tun farko.

Ya rubuta wa Emilia saƙon neman gafara. Ta amsa a gajarce, ta ce ta yafe, tana masa fatan alheri. Ba ta ƙara komai ba.

Da aka fara gasar sabuwar shekara, wata Lahadi da rana Jason ya je wani gidan kallon ƙwallo a Kafanchan. Ya roƙi mai gidan, Jamiluddeen, ya kunna masa tseren a ƙaramar talabijin ta lungu.

Motar tsohon kamfaninsa ta fara da kyau. Can sai motar abokan hamayya ta matso. Suka nufi kwana tare, suka taka birki tare, ita ma ba ta duƙa da hanci ba. Sun kwaikwayi dabarar tsaf. Ta wuce, ba a sake kamo ta ba.

Kyamara ta juya wurin ma'aikata. Ga Emilia a tsaye, ta zuba wa allo ido. A hankali ta cire abin sauraro daga kunnenta ta ajiye.

Wani mutum da ke jiran a fara ƙwallo ya leƙo, ya ƙura wa Jason ido. Ya ce, "Kai! Ba kai ne injiniyan bidiyon nan ba? Namu! Wacce ce motarka a ciki?"

Jason ya nuna talabijin da yatsa.

"Ba ni da mota a ciki, Oga. Ka ga waccan matar? Ita ce mai aikin. Ni ne na ɓata mata."

Darasi: Kada dariyar mutane ta sa ka sayar da amanar da aka ba ka. Aikinka na gaskiya, ko na shokozoba ne, ya fi yabon da aka gina a kan gumin wani. Wanda ya ɗaga ka, kada ka taka shi don ka ƙara tsawo, kuma ka sani babu harshen da ke ɓoye ƙarya a zamanin waya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman waɗanda aka damƙa wa sirrin wurin aiki, ko wani zai kama bakinsa tun kafin ya yi da-na-sani.