Turmi Ɗaya Gare Ni

Don Allah don Annabi duk wanda ya karanta wannan kar ya faɗi sunana, ko ya gane ni. Baba bai san ina sana'a ba.

Yaji nake dakawa a ɗakin Goggo Kande, yayar Baba, ina ƙullawa a leda. Sai aka ce ƙungiyar 'yan kasuwar garinmu ta sa gasa, kowa ya rubuta bayanin sana'arsa, wanda ya ci a ba shi injin niƙa. Ni injin nan nake so, kafaɗuna sun gaji. Rubutuna ba kyau, sai na je wurin mai shagon kwamfuta. Ya buga min wai ina da kamfani da ma'aikata, har Legas nake kai kaya. Gobe ake rufe karɓa, kuma alƙalan gida-gida za su bi su duba.

Na karanta wa Goggo takardar da ƙyar. Ta ce, "Sannu Hajiya mai kamfani! Ni ce ma'aikatan? Zauna ki ji labarin Tanko marini."

Ta ce wai Sarkin Kasuwa ya taɓa cewa zai naɗa rawani ga wanda ya fi iya rini. Tanko ya ɗauko maroƙi ya yi ta shela wai karofinsa, wurin ramukan rininsa, ya fi gona faɗi. Maigidansa Jatau, wanda ya koya masa rini, ya kira shi ya ce, "Yaro, bari in ba ka labarin Jebbu mai nono."

Wai matar hakimi ce ta nemi wadda za ta riƙa kawo mata nono. Kowacce ta ce garkensu ba ya ƙirguwa. Jebbu ta ce, "Ni shanuna biyu, nonona ba ya kai azahar, amma ban taɓa zuba masa ruwa ba. Ga ludayi." Aka sha, aka ɗauke ta. Jatau ya ce, "Ka faɗi abin da in an ce nuna, za ka nuna."

Tanko bai ji ba. Da mutanen Sarkin Kasuwa suka zo, ramuka kaɗan suka tarar. Suka yi ta neman sauran har bayan katanga, suna dariya. Ga shuɗinsa a shanye, babu kamarsa a garin, ba wanda ya ko ɗaga ido.

Goggo ta dube ni ta ce, "In suka shigo neman kamfani, wa zai buɗe ledar yajinki? Kuma a gaban ubanki za su tambaya."

Na ce, "To Goggo me zan rubuta? Turmi ɗaya gare ni."

"Rubuta turmin. Rubuta kina soya citta kafin ki daka, shi ya sa ba ya yin dunƙule da damina. Rubuta Isuhu mai tsire ya bar na kasuwa ya dawo naki, su je su tambaye shi."

Na ce na yarda. Na cusa takardar mai kwamfutar a murhu, na rubuta tawa da biro, duk a karkace. Goggo ta ce saura abu ɗaya, in gaya wa Baba da bakina kafin baƙi su yi sallama. Na ce to. Wallahi zan faɗa, kawai dai ban san ta inda zan

Wayyo, ƙarar mashin ɗinsa ce a zaure