Kitsen da Ya Raba Gwamma da 'Ya'yanta

Akwai wata baiwar Allah a Mainika, ta wajen Gwarzo, ana ce mata Gwamma. Mijinta Ɗalha ya rasu a shekarun da aka fara Shari'a a Kano, lokacin kowa kukan tsadar abinci yake. Ya bar mata yara uku: Badi'a, Musbahu da Naja'atu.

Tana fita takaba, yayan mijin, Alhaji Maikuɗi, ya zo ya ce za a raba yaran a dangi, don ba za ta iya ci da su ba.

Ta ce, "Yaya, ka ɗaga mini zuwa damina. In na gaza ka kwashe su."

Ya ce, "To, mu gani. Ke da ko kaza ba ki taɓa kiwatawa ta yi kumari ba."

Maganar nan ta tsaya mata a rai. Ta sayar da keken ɗinkinta da awakinta, ta sayo kajin gidan gona masu ƙwai a Kabo. Malamin dabbobi, Malam Abdulnasir, ya nuna mata gwangwanin awon abincinsu, ya ce kada ta wuce shi.

Da farko abin sai godiya. Kullum a tsince ƙwai, yara su ci, a kai saura kasuwa. Amma Gwamma in ta kalli kajin sai ta ga kamar a rame suke. Ita a ganinta awon nan rowa ce, kuma so take duk wanda ya shigo gidan ya kai wa Maikuɗi labarin ƙibarsu.

Da ma tana yin ƙuli-ƙuli. Sai ta dinga ɗibar tunkuza tun ba ta gama matse man ba, ta cakuɗa da ɓarzajjiyar masara ta zuba musu. Wata rana har tuwon yara takan rage saboda su. Ga su a kulle, ba sa motsi. Suka yi ɓul-ɓul, da ƙyar suke ɗaga ƙafa.

Maƙwabciyarta, Gwaggo Marka, ta leƙo ta riƙe baki. "Ke Gwamma, kaji kike kiwo ko ragunan layya? Kazar da ta yi teɓa ba ta ƙwai fa."

Gwamma ta yi dariya. "Gwaggo, ki ji da naki masu tonon juji. Hassada ga mai rabo taki ce."

Tsohuwa ta ja zanenta ta fita.

Ƙwai ya fara ja baya. Gwamma ta ce yunwa ce, ta ƙara tunkuza. Ya sake raguwa, ta ce bakin mutane ne, ta turara hayaki a akurki. Da zafin bazara ya shigo, sai ta wayi gari ta tarar da wasu kajin a kwance, sun mutu. Kashegari ma haka.

Sannan ne ta aika a kira Malam Abdulnasir. Ya sa aka yanka ɗaya, ya buɗe cikin a gabanta. Kitse ne rawaya ya cika ko'ina. Hanta ta yi laushi, tana dagargajewa a hannu, ga jini.

Ya ce, "Duba nan, Maman Badi'a. Hanta ce ke haɗa gwaiduwa ta aika wa mahaifar ƙwai. In kitse ya danne ta, ƙananan ƙwan nan sai su shanye tun ba su girma ba. Kin gan su? Duk sun motse."

"Malam, in na rage abincin za su dawo?"

Ya girgiza kai. "Ko wasu sun dawo, ba bana ba."

Ta yanka sauran ta sayar a wulaƙance. Ba keke, ba awaki, ba kaji.

Da ruwan farko ya sauka, Maikuɗi ya zo da mota. Bai yi mata gori ba. Badi'a aka kai Madadi, Musbahu Kabo. Autar, Naja'atu, ta ƙanƙame zanen uwar tana cewa, "Inna, ni ba zan ƙara cewa ina jin yunwa ba, ki ce su bar ni."

Gwamma da hannunta ta ɓamɓare yatsun yarinyar.

Darasi: Ba duk ƙiba ce lafiya ba, kuma gatan da ya wuce awo cuta ne. 'Yar'uwa, kada ki yi kiwo ko tarbiyya don idon mutane, kuma in na gaba ya yi miki gyara kada ki kira shi mahassadi. Don Allah ku tura wa iyaye mata, musamman masu riƙe da marayu. Allah kada ya raba uwa da 'ya'yanta.