Akuyar da Ta Cinye Gonar Mai Awon Taki

An yi wani mutum a nan Lafiya, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje. Ba zan faɗi sunansa ba, don danginsa suna salla tare da mu. Aikinsa ɗaya ne: a kawo masa takin zamani, ya auna da na'ura yawan naitirojin da ke ciki, wato sinadarin da ke sa masara ta yi kore shar. In ya buga hatiminsa, manomi ya saya hankali kwance.

Na'urar nan ba ta ƙarya, sai dai tana da nawa. Sai an dafa takin a kwalba, an tace, an yi zaman jira. Mutuminmu kuwa ba ya iya jira sai a gaban mai gasa doya.

Ran nan wani ɗan kasuwa, Babandi, ya kawo farin taki. Ya ce, "Oga, sa hannu kawai, kaya orijinal ne. Akwai akuya a mota."

Mutumin ya leƙa ta taga, ya ga akuya ta yi ɓul-ɓul. Ko kunna na'urar bai yi ba, ya buga hatimi. Aka ci nama kwana uku, har da maƙwabta. Ashe rabin kowane buhu gishiri ne.

Da damina ta faɗi, matarsa Ikilima ta je sayen taki don gonarsu ta Kwandere, wadda ke ciyar da gidan duk shekara. Wane buhu za ta zaɓa, ya 'yan uwa, in ba mai hatimin mijinta ba? Har alfahari ta yi wa mai shago, ta ja ƙawayenta suka saya.

Mako biyu, masara ta ƙone ƙurmus, tasu da ta jama'a. Manoma suka ɗauko buhu zuwa ofis. Shugabarsa, Madam Hembadoon, ta auna a gabansa, na'ura ta faɗi gaskiya. Aka kore shi. Babandi ya ɓace. Ikilima ta daina zuwa kasuwa don kunya, kuma wannan ya fi korar yi masa ciwo.

Kuna dariya, ni ma na yi. Amma awo amana ne, ko da mudu ko da na'ura. Wanda ya shaida abin da bai auna ba, bai san bakin wa zai shiga ba.

Allah ya kiyaye mu da hannunmu, ya tsare mana gonakinmu. Amin.