Alƙalin da Ya Sayar da Fadamar Mutanensa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wannan ƙasa tamu ta Karaye. Ba zan faɗi sunansa ba, don ya bar 'ya'ya, kuma ba su suka yi laifin ba.

Ɗan malami ne daga wani ƙauye a yankin Kurugu. Ya sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, ya yi boko, ya karanci shari'a. Allah ya yi ta ɗaukaka shi har ya zauna a babbar kotu, irin wadda in ta yanke hukunci babu sauran inda talaka zai kai kukansa a duniya. Ranar da labarin ya iso, daga Karaye har Rogo barka ake yi wa juna. Kowa cewa yake namu ya samu.

Ana nan sai wani mai ƙarfi, wanda ake jin maganarsa a gwamnati, ya ɗora ido a kan wata fadama a yankin Zoza. Ƙauyuka uku ne ke ci daga fadamar nan. A cikinta suke noman rani, albasa da tumatir da rake, a gefenta kuma ga burtali da mashayar shanu. Wata safiya suka tarar an kafa turaku an ja waya. Aka ce musu takarda ce daga sama.

Manomi da makiyayi suka haɗa kai, suka sa wani dattijo, Malam Muntaka, a gaba. Samari sun so su tumɓuke wayar da hannu, ya hana su. Ya ce, "Ku bari. Akwai doka a ƙasar nan, kuma ɗanmu yana can sama." A cikinsu akwai Tasalla, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu da 'yar gona guda a fadamar. Ba ta taɓa fashin zaman kotu ba.

Shekara tara suna shari'a. Sun ci a kotun farko, sun ci a ta biyu. Mai ƙarfi ya kai maganar kotun ƙarshe.

Alƙalai biyar ne. Biyu suka tsaya wa talakawa, biyu suka karkata. Saura mutuminmu. Mai ƙarfi bai kawo masa ko sisi ba. Saƙo kawai ya aika: kujerar shugaban alƙalai za ta zama babu kowa baɗi, kuma shi ya san masu naɗawa.

Ya 'yan uwa, shin bai san gaskiya ba ne? Ya sani sarai. Amma ya ɗauki alƙalami ya rubuta cewa gadon da ba shi da takardar gwamnati ba mallaka ba ne, kuma shaidar dattawan gari ba hujja ba ce.

Malam Muntaka yana cikin kotun, sanye da rigarsa ta Sallah. Ba ya jin Turanci, idonsa kuma ya yi rauni. Da lauya ya fassara masa, sai ya ce, "Har da ɗanmu aka sa hannu?"

Lauya ya ce, "Baba, ai shi ne ya karanta."

Dattijon nan ya miƙe, suka shiga motarsu suka koma Rogo.

Makiyaya suka kora shanunsu kudu. Tasalla ta raba marayunta gidajen dangi, ta tafi birni wanke-wanke. Mafi muni, mutane suka daina kai ƙara. Wa zai je inda ya san an gama hukunci kafin a zauna? Rigimar iyakar gona da a da alƙali ke kashewa, sai ga shi ana kashe ta da adda.

Kujerar fa? Wani aka ba. Wanda ya saye ka ya riga ya san farashinka, ba zai ba ka amana ba.

Mutuminmu ya yi ritaya, ya dawo ƙauye zai rayu a gonar mahaifinsa. Bai shekara biyu ba wani kamfani ya zo da takarda, ta haɗa da gonar da tsohuwar makarantar allo ta gidansu. Ya bi dattawan garin yana neman shaida. Suka ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka ce maganarmu ba hujja ba ce."

Ya shigar da ƙara duk da haka. Lauyan kamfanin ya miƙe ya karanta masa hukuncinsa na fadamar Zoza, kalma bayan kalma. Alƙalin da ke zaune ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da ikon saɓa wa abin da kuka yanke a sama."

Daga nan ɓarin jikin mutuminmu ya shanye. Yana kwance ya aika a nemo masa Tasalla. Ta zo, ta gaishe shi da jiki, ya roƙi gafara da bakin da ya karkace. Ta ce, "Nawa na yafe, don ni ma ina son Allah ya yafe min. Amma na marayuna, da na Malam Muntaka da ya rasu da abin a ransa, da na ƙauyuka uku, ba a hannuna yake ba."

Ya mutu a gidan haya a birni. Ina cikin waɗanda suka sallace shi. Sahu biyu ba mu cika ba.

Ya 'yan uwa, alƙalin da ya ci amana ba gona kaɗai ya ƙwace ba. Ya ƙwace wa talaka yardarsa da shari'a, kuma ƙasar da ta rasa wannan, ƙarfi ne zai yi mulkinta. Kada wani ya ce shi ba alƙali ba ne. Mai unguwa, sarkin kasuwa, uban da ke raba 'ya'yansa, wan da ke riƙe da gadon ƙannensa, kowannenmu akwai masu jiran bakinsa. Me za ka ce ranar da za a karanta maka abin da ka yanke, babu lauya, babu ɗaukaka ƙara?

Ya Allah, ka kiyaye mu daga cin amanar waɗanda suka dogara da mu. Ka shiryar da alƙalanmu, ka share hawayen wanda aka zalunta, kada ka karɓi ranmu da haƙƙin wani a wuyanmu. Amin.