Tattasan Milutin da Jujin Inna Stamena

Akwai wani mutum a wani ƙauye kusa da Leskovac, sunansa Milutin. Direban bas ne da ya yi ritaya, ya dawo gida da tumbi da girman kai. Abu ɗaya mahaifiyarsa ta bar masa mai daraja: irin jan tattasai mai kaurin tsoka, ƙulle a cikin tsohuwar safa. Babu mai irinsa a duk yankin.

Da shi gidansu ke yin ajvar duk kaka, a gasa tattasai, a ɓare, a niƙa, a dafa, a cika kwalabe. A ƙauyen nan, gidan da ya sayo ajvar a kanti ya gama jin kunya.

Maƙwabciyarsa kuwa wata tsohuwa ce, Inna Stamena, mai tsibin taki a jikin shinge. Kashin kaji ne da busasshen ganye da bambaro da ɓawon dankali. Duk mako biyu sai ta juya shi, ta yayyafa ruwa, ta cusa hannu ta ji zafinsa.

Milutin ya leƙo ya ce, "Inna, zazzaɓi yake yi ne? In kira likita?"

Ta ce, "Dahuwa yake yi, ɗan nan. Uwarka ba ta koya maka ba?"

Lokacin shuka ya zo, Milutin ya zazzage safar kaf a gadon reno. Matarsa Dobrila ta ce ya rage ko rabi, ya ce shi ba ya noman tsoro. Da shukar ta isa dashe, Inna Stamena ta roƙi kaɗan. Ya tsamo guda uku mafi rama ya miƙa mata.

"Ungo, ki dasa a bolarki."

Washegari sai ga shi da tirela cike da ɗanyen kashin kaji daga gonar ɗan baffansa. Tsohuwa ta riƙe baki.

"Milutin, ɗanye ne fa! Gishirinsa da zafinsa ƙone saiwa za su yi. Taki sai ya yi baƙi, ya daina wari, tana ta shige shi, sannan shuka ke iya cinsa."

"Abin da kike jira wata takwas, ni jiya ya fito daga kaza. Sabo ya fi tsoho, Inna. Ban da ke, ba shakka."

Ya labta shi a gindin kowace shuka. Jama'a, wari! Mai kawo wasiƙa daga titi yake cillo ta. Dobrila ta kwashe shanyarta ta kai gidan ƙanwarta.

Kwana biyar, bakin ganye ya fara ƙonewa. Gogan naku ya duba ya ce yunwa ce, ya ƙara musu wani. Garin neman ƙiba ya samo rama. Kafin wani mako ya zagayo babu ko guda a tsaye.

Ya zauna a kan kunya da safar nan wayam a hannu, ya yi kuka sosai. Irin da uwarsa ta adana shekara arba'in, shi ya kashe a kwana goma. Na ji tausayinsa, duk da shi ya ja wa kansa.

Kaka ta yi, hayaƙin gashin tattasai ya tashi a kowane gida ban da nasa. Dobrila ta ce, "Sai ka tafi kantin birni, inda ba a san fuskarmu ba."

Yana sa hula ya ji kira daga shinge. Inna Stamena ce da kwando cike da jan tattasai, ga wata safa a ƙulle a sama.

"Ukun nan ne da ka ce in dasa a bola. Ga irin uwarka, na shanya maka."

Kafin ya haɗa kalmar godiya ta miƙo masa cebur.

"Yau ranar juyi ce, ni kuma bayana ya gaji."

Ya tsallaka, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu cikin tsibin. Ya zabura.

"Inna, da zafi fa!"

Ta ce, "In kira likita?"

Darasi: Abu mai amfani ma, idan bai nuna ba, ɓarna yake yi. Kada ka raina mai haƙuri, wataƙila a jujinsa za ka tsinci gadonka. Ku tura wa duk wani mai gaggawa da kuka sani, ko da zai ce ba da shi ake ba.