Uban da Bai San Damina Ta Bambanta Ba

Akwai wani dattijo mai 'ya'ya maza biyu. Da gonar gida ta yi musu kaɗan, sai babban ya tafi kudu, ƙasar kurmi, inda ruwa ke sauka kusan duk shekara. Ƙaramin kuwa ya nufi arewa, bakin hamada, inda damina ba ta daɗewa.

Kowace kaka sukan zo gaishe da uban. Babban yakan zo da doya da manja da ayaba, har sai maƙwabta sun taya sauke kaya. Ƙaramin kuwa, 'yan dammunan gero ne a bayan jaki.

Wata shekara uban ya ce wa ƙaramin a gaban jama'a, "Dubi yayanka. Ciki ɗaya kuka fito, ni na koya muku noma. Kai dai rago ne."

Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Tun daga ranar bai ƙara zuwa ba.

Da shirun ya yi yawa, dattijon ya shirya da bazara ya tafi wurin ƙaramin, da niyyar tsayawa a kansa har ya koyi aiki. Ya tarar ɗan yana fita gona tun da sassafe. Hadari yakan haɗu, iska ta watsa shi. Aka yi yayyafi, ɗan ya yi shuka, rana ta ƙone tsiron. Ya sake shukawa, yashi ya binne. Ya sake, da geron da matarsa ta ɗiba daga abincin yara.

Dattijon ya tambayi mutanen garin ko bana ce ta zo da fari. Suka ce, "A'a, Baba, haka ƙasarmu take tun kaka da kakanni. Bana ma da sauƙi."

Kashegari ya ɗauki fartanya ya bi ɗansa. A bakin gona ya ce, "Ɗana, na yanke maka hukunci ban san ƙasarka ba. Ka gafarta mini."

Ma'anar wannan misali ita ce: Allah ya raba duniya yanayi-yanayi, ƙasar ruwa, ƙasar fari, da tuddai masu sanyi. Haka ya raba zaman mutane. Wani ya tashi a gidan addu'a, wata gwauruwa ce mai fama da marayu, wani kuma ciwo ya hana shi sakewa. Mu girbi muke gani, Ubangiji kuwa ya san ruwan da kowa ya samu. Kafin ka ce bangaskiyar ɗan'uwanka ta gaza, je ka zauna da shi tukuna.