Sanyin Ƙafar Ummussalma

Akwai wata mata a Kaugama mai suna Hajo, wadda 'yarta ta fari, Ummussalma, ta haihu a asibiti a Haɗeja. Jini ya ɓalle mata sosai, har sai da aka ƙara mata wani.

Ranar sallama Hajo ta faki ido ta taɓa ƙafar yarinyar, ta ji sanyi ƙalau. Gabanta ya faɗi.

Malamar asibiti ta lura, ta ce, "Mama, jikinta ne ke tattalin ɗan jinin da ya rage. Ƙwayoyin halittar da ke bangon hanyoyin jini suna isar wa juna saƙo, wannan ta ce wa maƙwabciyarta matse, ita ma ta gaya wa ta gaba. Sai hanyoyin ƙafa da hannu su tsuke, jini ya tafi zuciya da ƙwaƙwalwa. Ruwan zafi zai sake su. Don Allah a ɗaga wankan jego, sai mun sake duba ta."

Washegari da safe Goggo Asabe, yayar mijin Hajo, ta ɗora tukunyar ruwan wanka, duk da an gaya mata bayanin malamar.

"Yaya, an ce a dakata," in ji Hajo a hankali.

"Wa ya ce? Ƙwayoyin nan masu gulma? Duk yaran gidan nan ni na gasa iyayensu. Ke kuma kan 'yar fari kike wannan rawar jiki? Ina kara?"

Kunya ta rufe Hajo. Ta koma ɗaki.

Ganye bai gama zagaye bayan mai jego ba ta ce duhu take gani. Sai ta sulale ƙasa.

"Ummussalma!"

Tun da ta haife ta, Hajo ba ta taɓa kama sunanta ba sai ranar. Ta fito ba mayafi, ta tare mai adaidaita da kanta, ta rungume ƙafafun 'yarta a sama har Haɗeja.

Allah Ya yi da sauran kwana, Ummussalma ta farfaɗo.

Goggo Asabe ta zo dubiya ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shiga. Can ta ce, "Hajo, me malamar ta ce ma? Maimaita min, jikata ma ta kusa."

Darasi: Iyaye mata, kara abu ne mai kyau, amma ba a yin ta da ran mutum. In jini ya zuba da yawa, a bi maganar asibiti kafin a ɗora tukunya. Ku tura wa duk gidan da ake jiran haihuwa.